Katin Alfarma a Tseren Keke: Kada a Toshe Ƙofar da Afirka Ta Shiga

Ranar da aka yi zango na 11 na tseren keken Tour de France na 2025 a birnin Toulouse na Faransa (gasar zango-zango ake yin ta, kowane zango tseren yini guda ne), ina zaune a rumfar mai facin unguwarmu bayan la'asar, ana liƙe min tayar babur, ni kuma idona na kan waya. Ƙanena na tsaye a bayana yana leƙe. Wani ɗan ƙasar Norway, Jonas Abrahamsen, ya ɓalle daga ayari tun farkon tseren, ya yini a gaba, a ƙarshe ya riga Mauro Schmid tsallaka layi da ƙyar. Makonni huɗu kafin ranar ƙashin kafaɗarsa ya karye a wani tsere a Beljiyam.

Ƙanena ya ce, "Yaya, waɗannan masu jan kaya da rawaya su ma cikin manyan ƙungiyoyi suke?" Na ce masa a'a, sunan ƙungiyar Uno-X, tana rukuni na biyu, masu shirya gasar ne suka ga dama suka gayyace ta. Sai ya kaɗa kai ya ce, "Au, alfarma ke nan. Ashe Turawan ma suna yi." Mai faci ya ɗago daga kan bokitin ruwan da yake neman huji a ciki ya ce, "Alhaji, ai ko'ina ka je sai wa ka sani, wa ya san ka."

Maganar ta tsaya min a rai, domin mutumin da ya gama lashe zango a gaban idonmu shi ake kira ɗan alfarma. Na kuma lura hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ita ma shekara da shekaru tana tafiya a kan irin tunanin ƙanena: tana ta rage guraben da mai shirya gasa zai cike da zaɓinsa, tana miƙa su ga jadawalin maki, wato jerin ƙungiyoyi bisa makin da mahayansu ke tarawa a gasanni daban-daban.

Ni dai ina ganin kuskure ne. Katin alfarma, wato gayyatar da mai gasa ke bai wa ƙungiyar da ba ta cikin manya, ya kamata a bar shi da ransa, a ma faɗaɗa shi. Abin da ke buƙatar gyara shi ne yadda ake raba shi a ɗaki a rufe, da yadda 'yan gida suka mayar da shi kamar gadonsu.

Yadda ake shiga gasar

Manyan tseren mako uku guda uku ne a duniya: Tour de France a Faransa, wanda kamfanin ASO ke shiryawa, Giro d'Italia a Italiya a hannun RCS Sport, sai Vuelta a Sifaniya a hannun Unipublic, wanda shi ma mallakar ASO ne. Ƙungiyoyi 18 masu lasisin rukunin farko suna shiga kai tsaye. Daga 2018 kowace ƙungiya mahaya 8 take zuwa da su; a shekarar ƙungiyoyi 22 ne, mutum 176.

Guraben da suka rage bayan manya su ne ake rikici a kansu. A 2015 guda biyar ne, duk a hannun mai gasa. Zuwa 2023 da 2024 sun koma huɗu, biyu daga ciki kuma dole a bai wa ƙungiyoyin rukuni na biyu da suka fi maki a shekarar da ta gabata. Mai gasa ya tashi da guraben zaɓi biyu kacal. A 2025 aka ƙara ƙungiya ta 23, ASO ta gayyaci TotalEnergies da Tudor da Uno-X. Ban da wannan, an sa sharaɗin cewa ba za a gayyaci ƙungiya ba sai tana cikin 50 na farko a jadawalin duniya a 2024, cikin 40 a 2025, cikin 30 a 2026. Kowace shekara ƙofar sai ƙara tsukewa take.

Abin da katin ya yi wa Afirka

Duk wanda ke son ya san amfanin wannan kati, ya koma 2015. A shekarar ASO ta gayyaci MTN-Qhubeka, ƙungiyar da Douglas Ryder ya gina a Afirka ta Kudu. MTN ɗin nan dai da layinsa ke cikin wayoyinmu, shi ne mai ɗaukar nauyi. Qhubeka kuma gidauniya ce mai raba wa yara 'yan makaranta kekuna a karkara. Ita ce ƙungiya ta farko mai rajista a Afirka da ta taka Tour de France, gasar da aka fara tun 1903. Shekara 112 ke nan.

Cikin mahaya tara da ta zo da su, biyar 'yan Afirka ne: uku daga Afirka ta Kudu, biyu daga Eritriya, wato Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus. A zango na 6, hanyar Le Havre, Teklehaimanot ya ɓalle da wasu mutum biyu, ya tsince makin 'yan tsaunukan da ke kan hanya ɗaya bayan ɗaya, da yamma aka sa masa farar riga mai ɗigo-ɗigon ja, rigar sarkin hawan dutse. Baƙar fata ɗan Afirka bai taɓa sa ta ba kafin shi. Ya riƙe ta har aka isa tsaunukan Pyrenees, inda Chris Froome ya karɓe. Na tuna hoton: dogon saurayi siriri, yana murmushi kamar mai jin kunya, 'yan Eritriya mazauna Turai sun cika bakin hanya da tutocinsu suna kiɗa.

Ranar 18 ga Yuli, ranar tunawa da Mandela, mahayan ƙungiyar suka fito da hulunan kwano ruwan lemo. A hawan Mende, Faransawa biyu, Thibaut Pinot da Romain Bardet, sun isa saman tsauni suna ta kallon juna, kowa na jiran ɗan uwansa ya ja, sai Steve Cummings na MTN-Qhubeka ya fyallo ta bayansu ya wuce, ya lashe zangon.

Da jadawalin maki kaɗai aka bi a shekarar, ba na jin akwai wanda zai rantse cewa wannan ƙungiya za ta samu kujera. Wani mutum ne ya zauna, ya dubi abin da take ƙoƙarin ginawa, ya ce ta cancanci a gan ta. Shekara tara bayan haka Biniam Girmay, shi ma ɗan Eritriya, ya lashe zango uku a Tour na 2024 ya tafi gida da koriyar riga, rigar gwanin gudu. Yana yaro ɗan shekara 15 a Asmara lokacin da Teklehaimanot ya sa waccan rigar. Ita kanta ƙungiyar da Girmay ya yi wa wannan aiki, Intermarché-Wanty, da katin alfarma ta fara shiga Tour a 2017, aka sake gayyatarta a 2018 da 2019, kafin ta samu lasisin manya a 2021.

Za a iya cewa min MTN-Qhubeka ba talaka ba ce, ta ɗauko Turawa irin su Edvald Boasson Hagen da Tyler Farrar, kuma wanda ya ci mata zangon ma Baturen Ingila ne. Gaskiya ne. Har ila yau gaskiya ne cewa da ta hau rukunin manya, aka riƙa canza mata suna daga Dimension Data zuwa NTT, 'yan Afirkan cikinta suka riƙa raguwa, har ta rushe a ƙarshen 2021. Amma me ya rage su? Neman maki. Da zarar rayuwar ƙungiya ta rataya a kan maki, mai ita zai ajiye yaron da ake rainon sa, ya sayo tsohon hannu da zai kawo maki gobe da safe.

"Ai maki shi ne adalci"

Wannan ita ce hujjar ƙanena, kuma ita ce mafi ƙarfi. Wanda ya yi aiki shi zai ci. Ba ruwan lissafi da ɗan wane. Mu da muka sha ganin mai takardar kirki yana zaune a gida, mai kawu a ofis yana karɓar albashi, dole kalmar alfarma ta yi mana ɗaci.

Akwai kuma shaidar da ke goyon bayan masu wannan ra'ayi. Alpecin-Fenix ta shiga Tour na 2021 ne saboda ita ta fi maki a rukuni na biyu, ba ta roƙi kowa ba. Mathieu van der Poel ya ci zango na 2 a Mûr-de-Bretagne, ya yi kwana shida da rigar jagora mai ruwan ɗorawa, washegarin nasararsa Tim Merlier ya ci zango na 3. Ba ni da ja a kan haka. Ina goyon bayan a bar gurbi biyu ga waɗanda suka fi maki.

Inda na rabu da su shi ne ɗaukar maki a matsayin ma'auni mara son kai. A ina ake samun makin? Galibi a Beljiyam da Faransa da Italiya da Sifaniya, inda kusan kowane mako akwai tsere. Ƙungiyar Beljiyam za ta loda kekuna a mota da safe, ta yi tsere, ta kwana a gida. Ƙungiyar da za ta taso daga Kigali ko Asmara ko Wagadugu sai ta nemi biza, ta biya jirgi, ta kama gida a Turai, ta riƙa ƙirga kwana 90 da bizar ke ba mahayanta. Gasannin da muke da su a nahiyar nan, irin su Tour du Rwanda da Tour du Faso da Grand Prix Chantal Biya na Kamaru, makin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na manyan gasannin Turai. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ba laifinsa ba ne. Laifin na wanda ya ce tseren ya fara daidai.

Sannan makin mafi tsoka yana cikin manyan gasannin da kansu. Ana cewa sai kana da maki za ka shiga, alhali sai ka shiga za ka samu makin. Duk wanda ya taɓa neman aiki aka ce masa sai mai ƙwarewar shekara biyar, shi kuwa jiya ya gama bautar ƙasa, ya san wannan da'irar.

Har a jami'o'in tarayya na Najeriya ba a taɓa cewa makin jarrabawa kaɗai zai cike dukkan gurabe ba. An ware kaso ga yankin da jami'a take da kuma jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Mutane da yawa a Arewa ta wannan ƙofa suka shiga, suka fito likitoci da injiniyoyi na ƙwarai. Ana iya yin gardama a kan yadda ake aiwatar da tsarin, amma dalilin kafa shi a fili yake.

Mai uwa a gindin murhu

Yanzu ga inda nake tare da mai faci. Katin alfarma yana da tarihin son kai, kuma ba na ɓoye shi.

Cikin guraben nan biyar na 2015, uku ƙungiyoyin Faransa suka samu: Cofidis da Europcar da Bretagne-Séché. A 2003 aka bar Mario Cipollini a gida yana sanye da rigar zakaran duniya da ya ci a Zolder ta Beljiyam a 2002, aka cike gurabe da ƙungiyoyin gida. A Italiya, ƙungiyar dangin Reverberi, wadda aka fi sani da Bardiani, kusan kowace shekara tana Giro. A Sifaniya kuwa abin ya zama karɓa-karɓa tsakanin ƙungiyoyin gida huɗu: Burgos da Caja Rural da Euskaltel-Euskadi da Kern Pharma.

Wannan karɓa-karɓar ce ta haifi abin da ya fi ɓata min rai a 'yan shekarun nan. A Vuelta na 2024, Kern Pharma, ƙaramar ƙungiya da aka gayyata, ta ci zango uku: Pablo Castrillo biyu, Urko Berrade ɗaya. Akwai manyan ƙungiyoyi masu kuɗi ninkin nata da suka gama gasar hannu rabbana. A 2025 ba a gayyace ta ba, domin layi ya zo kan Burgos da Caja Rural. Yaya za ka yi wa yaran wannan ƙungiya bayani? Sun yi duk abin da ake nema daga baƙo, sun ƙawata gasar, ladarsu ita ce zaman gida.

Na fahimci dalilin masu gasa. Ƙaramar ƙungiya a Faransa ko Sifaniya, mai ɗaukar nauyinta don mako ukun nan yake zuba kuɗi. In babu Tour, babu talla, in babu talla, ya janye. Ƙananan ƙungiyoyin nan kuma su ne makarantar da yaran ƙasar ke koyon sana'a, su ne ke cika ƙananan gasanni a watan Fabrairu lokacin da manya ba sa waiwaye. Ƙungiyar B&B Hotels ta Faransa ta rushe a ƙarshen 2022, mahaya da makanikai da masu tausa suka rasa abinci. Wanda ya shirya biki a ƙofar gidansa ba za a hana shi ajiye wa maƙwabcinsa kujera ba. Kuma 'yan gida sukan biya bashin: a 2011 Thomas Voeckler na Europcar ya yi kwana goma da rigar jagora, ya gama na huɗu, abokinsa Pierre Rolland ya ci zangon tsaunin Alpe d'Huez. A 2024 Anthony Turgis na TotalEnergies ya ci zangon hanyar tsakuwa a Troyes.

Kujera ɗaya ga maƙwabci, na yarda. Amma idan duk kujerun baƙi na maƙwabta ne, to a daina ce mana gasar ta duniya ce.

Zancen ƙwaya

Wasu kan ce ƙananan ƙungiyoyin da ake gayyata su ne kafar da masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari ke shigowa. Suna da abin nunawa. A Giro na 2013, Vini Fantini ta shigo da gayyata, aka kama Danilo Di Luca da sinadarin EPO ana tsakiyar gasa, bayan an gama aka kama Mauro Santambrogio wanda ya ci zango. A 2017 aka kama mahaya biyu na Bardiani ana gobe za a fara. Juan José Cobo na Geox ya ci Vuelta na 2011 da katin gayyata, a 2019 aka ƙwace kambun aka bai wa Froome.

Sai dai manyan badaƙalolin da suka girgiza wannan wasa daga manyan ƙungiyoyi suka fito, kowa ya san labarin Lance Armstrong da kambuna bakwai da aka soke. Kuma a nan ma ikon zaɓi makami ne a hannun mai gasa. A 2008 ASO ta ƙi karɓar Astana saboda abin kunyar da ta jawo a 2007, duk da cewa Alberto Contador, mai riƙe da kambu, ya koma can. Jadawalin maki ba ya jin kunya, ba ya kuma tuna abin da ya faru bara. Mutum ne ke iya cewa wannan ƙungiya ta ci amanarmu, ta huta. Abin da nake so shi ne a rubuta shi ya zama doka: ƙungiyar da aka gayyata aka kama mahayinta, ta yi wasu shekaru ba ta ga kati ba, ko 'yar gida ce ko baƙuwa.

Abin da nake nema

Na farko, mai gasa ya fito ya faɗi dalili. Ba sanarwar layi biyu ba. Ya ce mun ɗauki wance saboda kaza, mun bar wance saboda kaza. Lokacin da aka bar ƙungiyar Q36.5 mai Tom Pidcock a wajen Tour na 2025 aka ɗauki Tudor mai Julian Alaphilippe, kowa ya yi ta hasashe: don Alaphilippe Bafaranshe ne, don kamfanin agogon Tudor na da kuɗi, don kaza. Wataƙila zaɓin daidai ne. Amma shiru shi ke haifar da zargi. Pidcock dai ya je Vuelta a shekarar ya gama na uku, bayan Jonas Vingegaard da João Almeida.

Sai lokaci. A 2025 sai ƙarshen watan Maris aka tabbatar da ƙungiyoyin da za a gayyata, ga shi Giro zai fara ranar 9 ga Mayu a Albaniya. Mahayi na buƙatar watanni yana atisaye a kan tsauni don tseren mako uku. Manya sun san jadawalinsu tun Disamba, ƙanana na zaune suna jiran waya. An ɗaure musu ƙafa tun kafin a busa usur. A sanar a watan Janairu, kowa ya san inda ya dosa.

Ƙungiyar da aka gayyata ta ci zango, ko ta sa mahayi cikin goman farko, a ba ta kujerar baɗi ba tare da roƙo ba. Da wannan doka na nan, da ba a yi wa Kern Pharma abin da aka yi mata ba. Uno-X ta nuna abin da ɗorewar gayyata ke haifarwa: an kira ta a 2023 da 2024 da 2025, a karo na uku ta ci zango, Tobias Halland Johannessen ya gama na shida, ta kuma tara makin da ya kai ta rukunin manya. Haka Bora, wadda ta fara shiga Tour da gayyata a 2014 da sunan NetApp-Endura, ta zo ta ci Giro a 2022 da Jai Hindley.

Wanda ya fi damuna shi ne sharaɗin shiga cikin 30 na farko. Ina so a cire shi a kan gurbi ɗaya tak a kowace babbar gasa, a ware wannan gurbi ga ƙungiyar da ta fito daga yankin da ba shi da wakilci, muddin ta cika sharuɗɗan lasisi da na gwajin ƙwaya, kuma mahayanta sun nuna za su iya kai mako uku. Ba na cewa a jefa yaran da ba su shirya ba cikin ayarin mutum 184 a gangaren dutse, hakan ganganci ne da rayuka. Ina magana ne a kan ƙungiya irin MTN-Qhubeka ta wancan lokaci, wadda aka fara gwada ta a Vuelta na 2014, aka ga ta iya, sannan aka kira ta Tour.

A watan Satumban 2025 UCI ta kai gasar cin kofin duniya Kigali, karo na farko a Afirka. Jama'a sun cika tituna, Tadej Pogačar ya ci tseren maza, shugabannin hukumar sun yi ta jawabi a kan makomar keke a nahiyar. A wannan shekarar babu ƙungiya ko ɗaya mai rajista a Afirka a rukunin farko ko na biyu. Ita kanta Q36.5 da Douglas Ryder ke jagoranta a lokacin, a Suwizalan take da rajista. Idan gobe wani attajiri a Kigali ko Legas ko Kano ya ce zai zuba kuɗi ya gina ƙungiyar 'yan Afirka, tambayar farko da zai yi ita ce yaushe za a gan mu a Tour de France. A 2015 Ryder na da amsar da zai bai wa MTN. Da dokar 30 na farko, wanda zai gaje shi sai dai ya ce wa attajirin ya fara sayo Turawa masu maki tukuna.